Inda Ba a San Ubansa Ba

Ɗana Suhail ya gama karatu a Maskat ya dawo mana Salala da wata jaka wadda ta fi shi faɗi. Igiyoyi ta ko'ina, aljihu a kan aljihu, ga tabarmar roba an naɗe an ɗaure mata a gindi. Ranar da ya goya ta a tsakar gida don gwaji, uwarsa Tuful ta leƙo daga kicin ta ce, "Da na san goyo kake sha'awa, ai da aure na yi maka."

Sai da muka ci abinci ya faɗi shirinsa. Damina ta wuce, teku ya kwanta, zai bi gaɓa da ƙafa har garin Hasik. Inda ya sami gona sai ya yi musu aiki, su ba shi abinci da wurin kwana. Inda ya sami jirgin ruwa ya hau. Ya fito da wani tabarau mai bututu da takalman roba masu kama da ƙafar agwagwa, wai da su zai riƙa shiga ruwa yana kallon kifi.

Na ce, "Kallon kifi? Ga kifi can a kasuwa a kwance, ba ya ko motsi, ka kalla har ka gaji."

"Baba, ba iri ɗaya ba ne."

"To ɗauki motata."

"Ba na son mota. So nake in je inda ba a san ni ba. In yi sallama, a ce wane ne, in ce Suhail, shi ke nan."

"Suhail ɗan wa?"

"Wannan tambayar nake gudu, Baba."

Ni Musallam, direban motar makaranta ne, kuma ban taɓa shiga teku ya wuce mini gwiwa ba. Na san dai mutum ba ya tafiya a ƙasar nan ba tare da an san da zuwansa ba. Amma yaron ya kafe. A ƙarshe muka yi yarjejeniya a gaban uwarsa: zai kira ni kullum bayan magariba in ji muryarsa, ni kuma ba zan gaya wa kowa yana hanya ba. In ya gano na yi magana, zai kashe waya sai ya dawo. Na ce na yarda. Tuful ta dube ni ta ce, "Allah ya ba ka iko, Baban Suhail," da irin muryar da ake yi wa mai jinya addu'a.

Ya tafi bayan asuba. Daga baya ba ka ganin mutum, sai jaka da ƙafafu biyu.

Ni ban gaya wa kowa ba. Abin da na yi kawai, bayan na sauke yara a makaranta, na kira Bakhit, yayan Tuful da ke Taƙa, na tambaye shi ko akwai macizai a gonakin ayaba a bana. Ya ce me ya kawo wannan tambaya. To, suruki ne, kuma ya girme ni. In babba ya tambaye ka dalili, ba ka ce masa babu.

Bayan magariba waya ta yi ƙara. Muryar Suhail a sanyaye.

"Ka isa lafiya?"

"Na isa Taƙa. Baba, wani mai gona da na yi magana da shi tun kafin in taso, ya ce in zo in taya shi saran ayaba in kwana a rumfa. Ina isowa na tarar da shi a bakin ƙofa da farar riga a goge, yana riƙe da kaskon turaren lubban. An yanka akuya."

"Madalla da mutumin kirki."

"Na ɗauki adda, ya fizge ta. Wai ɗan Musallam ya riƙe adda a gonarsa, ina zai sa kansa? Yanzu haka ina ɗakin baƙi, an kunna mini na'urar sanyi, ga Kawu Bakhit yana ɓare mini gwanda." Sai ya rage murya. "Baba, ka yi magana da wani?"

Na ce, "Taƙa ai gidan kawunka ne. Ko kuliyar gidanmu ta bi ta can sai an gane ta."

Ya ce to. Na kwanta da daɗin rai, don na san ya ci nama.

Abin da ya biyo baya ba ni na shirya ba. Bakhit ba zai bar ɗan ƙanwarsa ya fita garinsa a ƙafa mutane suna kallo ba. Da Suhail ya ƙi shiga mota, sai ya bi shi a baya sannu sannu, yana miƙo masa ruwan sanyi ta taga, har suka yi nisa. Kuma baƙo ba a sakinsa a hanya, hannu ake miƙa shi. Kafin yaron ya shiga Mirbat, Bakhit ya riga ya kira wani abokinsa Mahad, mai ƙaramin jirgi da ke kai masu yawon buɗe ido wurin duwatsun ruwa. Mahad kuma, da yake ya san ya kamata, ya kira ni don mu gaisa. Muna cikin gaisuwa na ambata masa cewa Suhail ya yi fama da ƙirji yana ƙarami. Magana ce ta zo da magana.

A wannan maraice ko sallama bai yi ba.

"Igiya, Baba."

"Wace igiya?"

"Igiya Mahad ya ɗaura mini a ƙugu, kamar ɗan maraƙi. Ya sa mini rigar da ke hana nutsewa, ya zauna a bakin jirgi yana riƙe da ɗaya bakin. Da na kifa fuska a ruwa sai ya janyo ni, ya ce, 'Lafiya, ɗan Musallam? Numfashin fa?' Ga wasu tsofaffin Turawa biyu, mata da miji, suna ta yawonsu a ruwa, har kunkuru suka gani. Ni abin da na gani ƙasan jirgi."

"Ai taka-tsantsan..."

"Ya ce babana ya ce ƙirjina. Ko makaranta ban shiga ba lokacin da na yi wannan tarin! Mun yi alkawari, Baba. Ka gaida Mama."

Na sake kira, waya a kashe.

Magariba ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Nakan dawo daga masallaci in ajiye waya a kan tabarma kusa da gahawa, in zauna ina kallonta. Tuful takan zo ta ɗauke kofuna ta ce, "Ka zuba mata ita ma, ko ta yi magana." Ita ko a jikinta. Wai yaron da ya zauna Maskat shi kaɗai ba zai ɓace tsakanin Mirbat da Hasik ba. Na ce a Maskat babu kifi mai cin mutum. Ta ce ni dai ban san Maskat ba.

Tunda alkawari ya riga ya karye, na kira duk wanda na sani a gaɓar nan. A Sada aka ce an gan shi, an tare shi da abincin rana, ya ce ya ƙoshi, aka zaunar da shi ya ci. Mai masaukinsa ya ce da ya tashi sallar asuba ya tarar da shimfiɗa a naɗe, babu yaro babu jaka. Mutumin har yana ba ni haƙuri, wai ko wani abu aka yi masa bai ji daɗi ba. Daga nan babu wanda ya sake ganinsa. Duk faɗin dangi da surukai da abokan surukai, yaro ɗaya da jaka kamar raƙumi ya ɓace musu.

Ranar Juma'a babu makaranta. Na ɗauki makullin mota. Tuful ta biyo ni ƙofa da ƙullin dabino ta ce, "Kada ka manta da igiya."

Hanyar Hasik dutse ne a hagu, teku a dama, kuma duk inda na hango abu baƙi yana yawo a ruwa sai na taka birki. Na isa da la'asar sakaliya, na gangara inda jirage ke tsayawa. Can ƙarshe akwai wani jirgin katako irin na da, mai ƙyalle, wanda iska ke turawa in an kashe inji. Wani ƙaton mutum da zane a ƙugu yana tsaye a kansa yana zazzaga faɗa da karin harshen mutanen Sur, can arewa. Wanda ake yi wa faɗan yana tsugune yana goge katako da burushi.

Sai da ya ɗago na gane shi. Ya yi baƙi, leɓe ya tsage, an ɗaure masa ƙafa ɗaya da tsumma. Rigar da uwarsa ta saya masa duk ɓawon kifi.

"Kai, ɗan tudu!" in ji mai jirgin. "Igiyar angar da ke riƙe mana jirgi ta maƙale a dutse. Sa wannan tabaran naka na wasa ka duba mana, ko yau ya yi amfani."

Suhail bai gan ni ba. Ya sa tabarau, ya cije bututun, ya faɗa ruwa. Na ga bakin bututun yana yawo a sama, sai kuma ya nutse. Babu igiya a ƙugunsa, babu riga, babu mai riƙe da komai. Mai jirgin ma juya baya ya yi yana kunna taba. Na karanta duk addu'ar da na iya, na fara maimaitawa, sannan kan yaron ya ɓullo yana feso ruwa, yana ɗaga hannu wai ya kwance ta.

"Da kifin kake hira a ƙasan?" in ji mai jirgin. "Hau ka ƙarasa gugar!"

Yaron ya kama gefen jirgi yana dariya. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin ya tafi Maskat.

Mai jirgin ya hango ni a tsaye da farar riga, ya sauko muka gaisa, muka tambayi labari, ya ce sunansa Khalfan. Suhail ya hau jirgi, ya ɗauki bokiti, ya juyo, muka haɗa ido. Ya tsaya cak, ruwa na ɗiga daga gashinsa.

Khalfan ya ce mini, "Alhaji, daga ina?"

"Salala."

"Yauwa, Allah ya kawo ka. Ka ga wancan? Shi ma ya ce daga Salala. Ya zo mini da jaka kamar mai ƙaura, wai in ɗauke shi aiki don abinci. Na ce ɗan wa, ya ce ɗan Adam. Ni kuma baƙo ne a nan, ba na son in ji kunya. In ɗan wani gida ne da ya kamata in sani, ka gaya mini yanzu, in karɓe burushin in zaunar da shi a inuwa in zuba masa gahawa. Tsibiri za mu tafi yau, sai mun kwana biyu."

Maganar ta zo mini har bakin harshe. Ƙirji, da ƙafar nan mai tsumma, da tsibirin da babu asibiti, da cewa ba ya cin yaji. Na dubi Suhail. Bokitin kawai ya riƙe da hannu biyu, yana kallona.

Na ce, "Salala babban gari ne, Malam Khalfan. Ni kifi na zo saya." Na ƙara duban katakon. "Amma ko ɗan waye, gugar nan ba ta fita ba."

Khalfan ya tuntsire da dariya har da dukan cinya. "Ka ji ko? Har mai wucewa ya gani! Sauko ka zaɓa wa Alhaji kifi, ka gyara masa."

Ya sauko da babban kifi ɗaya, ya tsuguna a gabana da wuƙa yana kankarewa. A gida ko albasa bai taɓa yankawa ba. Na tsaya ina kallon yatsunsa.

Ba tare da ya ɗago ba ya ce a hankali, "Ina Mama?"

"Tana nan. Ƙafar fa?"

"Dutse ne. Ta kama warkewa." Ya juya kifin. "An ce a tsibirin waya ba ta kamawa sai an hau tudu. Zan hau."

"Bayan magariba?"

"In mai gida ya bar ni."

Ya zuba kifin a leda ya miƙo mini, ya ce da ƙarfi, "A ci lafiya, Alhaji." Khalfan ya riga ya fara kiransa da wani sabon suna. Suka janye anga, suka ware ƙyallen, iska ta cika shi, jirgin ya fara ja da baya daga gaɓa. Hannuna ya ɗaga da kansa. Sai na tuna mai sayen kifi ba ya ɗaga wa yaron jirgi hannu, kuma Khalfan yana kallo. Na kai hannun kai na gyara rawani, na yi ta gyarawa har suka yi nisa.