Ramin Majema

A shekarar da duba-gari ya fara zuwa Marnona daga Wurno, rijiya ɗaya ce tak a unguwar majema. Isa mai haƙar rijiya ne ya haƙa ta, da ya rasu ɗansa Mode ya gaji sana'ar, ya gaji yasar rijiyar duk bazara.

Ruwan jima kuwa lungu yake bi. Toka da bagaruwa da gashin awaki su kwararo su kwanta a hanya, ƙuda ya rufe. Halliru duba-gari ya jingine kekensa, ya sa aka kira Atiku, babban majema. Ya ce a haƙa rami bayan danga, a cika shi da duwatsu, a juya ruwan ciki. Ya dafa ƙirjinsa.

"Zurfinai iyaka nan, Baba. Kada shi wuce."

Mode aka ba aikin. Kafin azahar ya kai ƙirji, ƙasa jar laka, busasshiya. Majema na zaune a inuwa suna kankare fata.

"Ɗan Isa, nan za ka tsayawa?" in ji Atiku. "Ko kurege ya fi haka."

"Baba, haka mai keke yac ce."

"Mai keke ya taɓa riƙa dagi? Wanga rami kwana ukku ya cika, a kai mu gaban alƙali."

Mode ya san laka ba ta shan ruwa, yashi ke sha. Kuma a gidansu ba a fitowa daga rami da busassun ƙafafu. Ya ɗaura igiya ya ci gaba. Rana ta shida yashi mai sanyi ya kama masa idon sawu. Aka zuba duwatsu har baki.

Ramin bai taɓa cika da ruwan jima ba. Halliru ya dawo, ya ga lungu a bushe, ya ga duwatsu a sama, ya yaba ya wuce.

Bayan kaka, Asabe matar Mode ta ajiye masa ƙwaryar ruwa.

"Malam, sansana ka ji."

"Tulunki na. Ba ki wanke shi ba."

"Tulun da nis saya ran kasuwa?"

Ya shiga rijiyar ya yashe ta. Da ya kwashe ruwan ƙasa, sai ya tsuguna yana duban inda yake ɓuɓɓugowa. Ta gefen majema yake fitowa, jaja-jaja, da warin fata. Taku talatin ne tsakanin rami da rijiya, kuma yashin ɗaya ne. Ya fito ya ce laka ce, za ta kwanta.

Kwana tara bai gaya wa kowa ba. Yana cewa a ransa ko za ta washe da kanta. Zawo ya shiga gidaje biyar. Kaltume, jikanyar Atiku, ba ta kai yaye ba, aka kai ta makwanci ran Alhamis.

Halliru ya zo ya ɗebo guga ɗaya, ya duba, ya zubar.

"Ramin ga, ina zurfinai?"

Majema suka sunkuyar da kai. Atiku na murza tasbaha.

"Har ruwa," in ji Mode. "Ni nih haƙa shi."

"Mi nic ce muku?"

"Ranka shi daɗe, a rufe ramin. Rijiyar in yashe ta kullum, har ta washe."

"Ƙasa ta riga ta sha, Mode. Shekara nawa za ta yi tana amayarwa, ni ban sani ba. A cike ta."

Ba wanda ya san aikin sai Mode. Ya cire itacen bakin rijiyar, wanda igiya ta sassaƙa shekara arba'in, ya fara zuba ƙasa. Kwana biyu ya yi, ba wanda ya kama masa. Mata suka koma ɗiba a fadama, tafiyar da in an fita da hantsi sai rana ta take ake dawowa, kuma da bazara ita ma ƙafewa take yi.