Kujeru a Ɗakin Guga

A unguwar ba mai kiranta da sunan yanka. Lasifika kowa yake ce mata, ita ma ta gaji ta daina musu. Ita ce shugabar ƙungiyar matan unguwa, wadda ofishinta wani tsohon shago ne mai benci biyu da fankar da ƙararta ta fi iskarta yawa. Aikinsu rakiya ne. Duk matar da aka danne wa haƙƙi, a wurin aiki ne ko a asibiti ko a gaban mai gidan haya, sai su bi bayanta don kada ta tsaya ita kaɗai. Lasifika ce mai magana. Allah ya ba ta baki, ita kuwa ba ta rowarsa.

Wata rana bayan an watse daga taro, wata mata ta tsaya a baya tana murza yatsu. Guga take yi a kamfanin wanki na bakin titi, inda ake wanke zannuwan gadon otal-otal. Abokan aikinta Shiru suke ce mata, don sai ta wuni ba a ji muryarta ba.

"Anti, tsayuwa ce ta dame ni," in ji ta. "Daga safe har yamma a tsaye muke, an hana mu zama."

Ta zare takalmi. Ƙafafun sun kumbura suntum, igiyar takalmin ta bar shaida a fata. Lasifika ta dubi ƙafar, ta dubi burmemiyar rigar da ke jikinta, nan take ta gane.

"Ƙanwata, ciki ne da ke?"

Shiru ta sunkuyar da kai. "Ba wanda ya sani a wurin aiki. Mu 'yan wucin gadi ne, ranar da suka gane shi ke nan. Baban yara kuma tun da ya faɗo daga kan gini bai koma aiki ba. Kujera kawai nake so. In ta kama, ki ce dai wasunmu ba sa jin daɗi."

"Bakina ƙanin ƙafata," in ji Lasifika. Har zuciyarta ta faɗi hakan, wannan kam ba za a ɗauki alhakinta ba.

Da mako ya kewayo suka ɗunguma zuwa kamfanin. Ɗakin gugar dogo ne, tururi ya cika shi, ga warin sabulu da zafin ƙarfe. Mata sun jeru a gaban tebura suna ninke zannuwa, kowace tana sauya ƙafa. Manaja ya fito ya tarbe su a nan tsakiyar ɗakin, da murmushinsa na wanda ya riga ya yanke shawara.

Lasifika ta fara a hankali. Ya ce ba a guga a zaune. Ta ce akwai dogayen kujeru. Ya ce ba wadda ta taɓa kawo masa ƙara. Ta ce wasu ba sa jin daɗi. Sai ya yi dariya, ya juya ga mataimakinsa.

"Mata ke nan. A ba su kujera yau, gobe su ce katifa."

Dariyar ce ta kwance mata kai. Ta ji jini ya hau mata, ga ma'aikata sun tsaya da aiki suna kallo, ita kuwa ba ta saba a kayar da ita a gaban mata ba.

"Ko tsoron Allah ba ka yi? Mace da juna biyu ka tsayar da ita wuni guda kamar turke!"

Ba ta ambaci suna ba. Amma hannunta ya riga ya miƙe, idon manaja kuma ya bi hannun har tebur na ƙarshe, inda Shiru take riƙe da zani. Magana zarar bunu ce. Manaja ya sassauta murya, ya ce wallahi bai sani ba, ai shi ma uba ne.

Kafin ƙarshen makon kujeru suka iso, sababbi, da ledarsu. Matan ƙungiya suka yi ta murna, aka ɗauki hoto aka manna a bangon ofis. Lasifika ta yi murmushi a hoton, amma hankalinta bai kwanta ba. Kullum takan ce wa kanta ai yanzu idon jama'a na kan manaja, ba zai iya taɓa Shiru ba.

Ya iya. Da wata ya ƙare aka ce wa Shiru aiki ya yi ƙasa, ta huta, za a neme ta.

Lasifika ta koma kamfanin a fusace. Manaja ya ce ba korar ta aka yi ba, ɗan wucin gadi ai ba a korar sa, daina kiran sa ake yi. Ta juya ga matan ɗakin guga, ko wata za ta yi shaida. Suna zaune a kan kujerunsu, kowace ta duƙufa ga gugarta. Ba ta ga laifinsu ba, su ma da bakunan da suke ciyarwa. Ta kama hanya ta fita.

Gidan hayar Shiru ɗaki ɗaya ne a ƙarshen wani lungu. Mijin yana kwance bayan labule, ƙafarsa a ɗaure. Shiru ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta gaishe ta da ladabi kamar ba abin da ya faru. Da ma zagin ta ta yi, da ya fi mata sauƙi.

"Ƙanwata, ba za mu bar maganar nan ba. Za mu kai ƙara, za mu tara mata, har gidan rediyo..."

"Anti." Ba ta ɗaga murya ba. "Akwai wani gidan wanki a bayan tasha, an ce suna ɗaukar masu guga. Gobe zan gwada, tun rigar tana iya rufewa."

"To, ƙarfe nawa? Sai in zo mu tafi."

Shiru ta girgiza kai.

"Alfarma ɗaya nake roƙo. Manajojin nan duk sun san juna, kuma sun san ki. In wani ya tambaye ki, don Allah ki ce ba ki san ni ba."

Lasifika ta buɗe baki, ta rufe. Can ta ce, "To."