Hayaƙin Gidan Mai Agogo

"Baba, fita daga layin nan. Na mata ne, ka sani."

Mai gadin ne ya faɗa, hannunsa a kan igiyar da aka shata layin da ita. Tsohon bai yi musu ba. Ya ɗaga igiyar, ya sunkuya ya fita, ya koma gindin katangar makarantar ya tsaya, buhun da ya zo da shi a ninke a hammata.

Uwar Layi ta gan shi. Ita ce shugabar matan da ke lura da rabon abinci a unguwar, kuma sunan ya bi ta har ya danne na yanka. Mata sun fi ɗari uku a gabanta, rana ta take, kowace da katinta a hannu.

"Baba Mai Agogo, me ya fito da kai a wannan rana?" ta ɗaga murya. "Ko mata ka zo zaɓa?"

Matan suka kwashe da dariya.

"Mulkinki na zo gani, 'yata," in ji shi. "An ce ko soja bai kai ki tsawa ba."

Daga nan rigima ta kaure a bayan layi, wata ta ce an shiga gabanta. Kafin Uwar Layi ta raba su ta waiwayo, babu kowa a gindin katangar.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanta da nasa, katangar bulo da ba a yi wa shafe ba. Yaƙi ne ya haɗa su maƙwabtaka. Duk sun gudo ne shekara uku da suka wuce, suka rakuɓe a gidajen da masu su ba su ƙarasa ginawa ba. Shi ya zo da ɗansa, da matar ɗan, da jikoki biyu, da akwatin kayan gyaran agogo. Wata rana ɗan ya koma ya dubo ko shagonsu na nan. Bai dawo ba.

A shekarar farko maza ake ba abincin agaji. Rabinsa a kasuwa yake ƙarewa. Idan kuma mace ce za ta karɓo, sai ta bi ta shingen masu bindiga, kuma abin da ake yi wa mata a shingen nan ba a faɗa. Da masu agajin suka zo sake tsari, Uwar Layi ce ta miƙe ta faɗi abin da kowa ya sani ya yi shiru. Aka yanke: kowace tukunya kati ɗaya, da sunan macen da ke girka ta. Rabo a makaranta, da rana, mata kaɗai. Tsarin daidai ne. Wanda duk ya ce ba daidai ba ne, bai ga wuyan yaran unguwar kafin a yi shi ba.

Mai Agogo a tukunyar surukarsa aka rubuta shi. Da ta gaji da jiran mijin da ba gawa ba labari, yayyenta suka zo suka tafi da ita da yaran. Ta yi kuka ta ce ya biyo su, ya ce idan ɗansa ya dawo wa zai tarar? Ta tafi da katin, don sunanta ne a kai, kuma 'ya'yanta da shi suke ci.

Matan kwamitin su biyar ne, gidaje kuwa sun fi ɗari huɗu, ba su iya shiga ko'ina. Sai suka samo dabara: da la'asar kowace ta dubi rufin gidajen layinta. Inda hayaƙi ya tashi, lafiya. Inda bai tashi ba kwana biyu, a shiga. Suna cewa hayaƙi ba ya ƙarya.

Ran da aka kore shi daga layi, da la'asar, Uwar Layi ta tsaya jikin katangar da ta raba gidajensu.

"Baba, ka ɗora kuwa?"

"Idonki ya mutu ne? Ba ki ga hayaƙi ba?"

Ga shi kuwa yana tashi. Tana jin murfi na rawa, tana jin ludayi na bugun gefen tukunya.

"Me ake dafa mana?"

"Abin da ba ki iya ba. Je ki ji da rundunarki."

Ta yi dariya ta koma. Gaskiyar magana, daɗi ta ji. Baki bakwai take ciyarwa da rabon mutum shida, kuma buhun nan da ta gani a hammatarsa ta fi son ta manta da shi.

Bayan kwana huɗu aka yi zaman tsara zagaye na gaba, a ajin da babu ƙofa. Jami'ar agajin yarinya ce mai haƙuri, idanunta sun yi ja don gajiya. Ta ce hanya ta sake rufewa, motoci uku aka sa rai, ɗaya ta iso. Sabon gurbi goma sha biyu ne kacal. Masu ciki, masu shayarwa, matan da ke riƙe da gida su kaɗai. Tsoffin da ba su da kowa, gurbi ɗaya.

"Akwai maƙwabcina," in ji Uwar Layi. "Surukarsa ta tafi da katin."

"Shi kaɗai yake? Yana samun abin dafawa?"

"Kullum hayaƙi na tashi a gidansa."

"Kin shiga kin gani?"

"Katangarmu ɗaya. Har motsin ludayinsa ina ji."

Jami'ar ta dube ta. "Mama, ke ce idonmu. Idan kin ce ba zai kai ba, shi zan sa. Sai dai ga makauniyar nan ta bayan famfo, ita ko wuta ba ta hurawa."

Aka sa makauniya. Aka ce Mai Agogo sai zagaye na gaba, nan da mako biyar. Babu wanda ya yi mugunta a ajin nan. Taku goma ne dai tsakanin ƙofar Uwar Layi da ta Mai Agogo, ba ta yi su ba.

A mako na biyu mijinta, Direba, wanda rabonsa da mota tun gudu, ya dawo daga dako ya ce, "Na ga gilashin nan da Baba ke maƙalawa a ido a shimfiɗar 'yan gwangwan masu sayar da tsofaffin kaya. Mai gyara ya sayar da idonsa, me ya rage?"

Ta zuba abinci a kwano ta miƙa ta saman katanga. Can sai ga kwanon ya dawo, an ci loma biyu ko uku.

"Gishiri ya yi yawa," in ji muryarsa. "Ba wa yara, su ba su san daɗi ba."

Ta ji haushi. Ta ce wa Direba tsohon nan girman kai ne zai kashe shi, mutumin da ya taɓa ciyar da yaran shago goma ba ya son a ce an ba shi. Ba ta ƙara aikawa ba. Hayaƙi kuma bai fasa ba ko rana ɗaya, sai dai ya riƙa sirancewa.

Ranar Talata ta mako na huɗu bai tashi ba. A ƙa'idarsu sai an kwana biyu. Ta ɗauke kai, ta wanke wa autarta jiki, ta sake dubawa. Sannan ta ja mayafi ta nufi gidansa.

Ɗakin babu ƙyaure. Teburin aikinsa ma babu, sai ƙafa ɗaya da ta ƙone rabi a bakin murhu. Yana kwance a tabarma, fuska ta zama ƙashi, ƙafafu sun kumbura suna sheƙi. Agogon ɗansa na ɗaure a hannunsa, ya zame har gwiwar hannu, yana tafiya daidai.

"Baba."

"Uwar Layi da kanta. Yau ba rabo?"

"Ina ƙyauren?"

"Itace ya yi tsada."

Ta ruga gida ta dama gari da ruwan zafi, ta tura Direba ya kira ma'aikaciyar jinya. Ta tallafi kansa. Bai fi nauyin ƙwarya ba. Ya karɓi cokali biyu, na uku ya dawo.

"Don me ba ka faɗa ba? Katanga ɗaya, Baba. Da ka yi tari ma zan ji."

"Ni ma ina ji," ya ce a hankali. "Ina jin ki kina rabo. Wannan naka, wannan na ƙanwarka. Ina jin auta tana cewa a ƙara, kina cewa ta sha ruwa." Ya huta. "Ke kin ci jiya?"

Ta ajiye cokalin.

"To kin gani."

"An ce in faɗa, a sa ka. Ni na ce kana girki."

"Wa aka sa?"

"Makauniyar bayan famfo."

"Kin yi daidai." Ya motsa hannu. "Wannan, kowace safiya ake murɗa shi. Sau goma sha biyu, kada ki wuce. Idan ya dawo ki ba shi."

Ma'aikaciyar jinya ta zo, ta danna ƙafarsa da yatsa, ramin ya zauna bai ciko ba. Ta ja Uwar Layi waje ta ce za ta nemo mota, amma kada a sa rai. Motar ba ta samu ba sai washegari da hantsi. Kafin nan ya riga ya cika, Direba na riƙe da hannunsa.

Da aka dawo daga binne shi, maza suka zauna a ƙofar gida suna cewa tsufa ne, kwana ne ya ƙare. Ta bar su ta shiga da tsintsiya. Babu abin sharewa sosai. Buhun nan na nan a ninke ƙarƙashin tabarma, bai taɓa ganin ƙwaya ba.

Tukunyar na kan duwatsun murhu, ludayi a gefenta. Bayanta baƙi ƙirin, kamar ta gidan da ake ciyar da mutum ashirin. Ta ɗaga murfin.

Ruwa ne. Ko ɗigon mai babu a kansa. A jikin tukunyar daga ciki farin zobe ne a kan farin zobe, inda ruwa ya tafasa ya ƙone, aka ƙara, ya sake ƙonewa.

Ta daɗe a tsugune, agogon na bugawa a tafin hannunta. La'asar ta yi. Ta saman katanga, hayaƙi ya fara tashi daga gidajen layin, ɗaya bayan ɗaya, siriri, babu iskar da ta taɓa shi.