Kafaɗar Maharazu

Shekarar da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula, ina da rumfar faci a Jakara. A lokacin mai faci mutum ne, ba kamar na yanzu ba da za su liƙa maka taya da yawu su ce Allah ya kiyaye hanya.

Wata Laraba da hantsi sai ga Maharazu, direban a-kori-kura daga Madabo, da tayoyi huɗu manya a bayan Fijonsa, na wata tsohuwar motar daji. An aiko daga Rafin Kanya cewa kawunsa Ɗantani yana kwance, ba ya kiran kowa sai ƙanwarsa 'Yardada, wato uwar Maharazu. Kafin ƙauyen akwai rafi mai yashi, duk motar da cikinta ke kusa da ƙasa nan take kafewa.

Na ce, "Maharazu, ba a fafe gora ranar tafiya."

Ya ce, "Malam Salihu, ai gobe ce tafiyar. Yau ranar fafewa ce."

Muka kama aiki. Maƙeri ya ƙara ƙarfe a sifirin, motar ta ɗaga. Mai walda ya gyara ramukan wili har suka yi daidai da kusoshi. Taya ta riƙa gogar bodi, muka yanke gefen muka lanƙwasa. Ni na sa tub na bugo iska da famfon ƙafa har gwiwata ta yi tsami. Kafin la'asar mota ta tsaya kamar raƙumi. Masu wucewa da tutocin jam'iyya suka tsaya suna tambaya ko ta yaƙin zaɓe ce, na ce zaɓe ya wuce, su ma su wuce.

Mun auna komai, har faɗin lungunsu. Tsohuwar da za ta hau kaɗai muka manta.

Washegari bayan an karya kumallo na bi shi Madabo don in ga yadda tayoyin za su ɗauki kaya. Gwaggo 'Yardada ta fito da ƙunshinta, 'yar ƙarama, ta haura saba'in. Ta dubi ƙofar motar, matakin ya kusa kai mata ƙugu.

Maharazu kuwa ɗan farinta ne. Yaran yau ba su san nauyin wannan ba. Tun da aka yaye shi aka ba kakarsa, Gwaggo ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta dubansa ido da ido, balle jikinta ya taɓa nasa. In za ta yi masa magana sai ta yi wa bango.

Ta juyo wajena ta ce, "Salihu, tambayar mini wancan, soro ya gina mini ko mota?"

Na ce, "Gwaggo, don yashi aka yi."

"To yashin ya zo ya hau."

Maharazu ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ce mata in ɗaga ta."

Ta ce, "Ce masa ban lalace ba tukuna da zan zama buhun gero."

Ni kuwa ba muharraminta ba ne. Matan gidan biyu suka gwada, ɗaya mai ciki, ɗaya ba ta fi Gwaggon ƙarfi ba. Aka kifa turmi, ta hau, saura kamu guda. Rana tana ɗagawa, mai jinya kuma ba ya jiran kowa. Maharazu ya ce a mayar da tsofaffin tayoyi. Na ce to ka kai ta bakin rafi ta yi sallama da yashi ta dawo.

Na tsuguna na sassauta bawul na tayoyin ɓangarenta, iska ta fita, mota ta ɗan rusuna. Iskar da na sha wahalar bugowa jiya! Duk da haka saura kaɗan, kuma babu abin dafawa. Gwaggo ta tsaya a kan turmi tana rawar ƙafa.

Sai Maharazu ya matso. Ya cire hularsa, ya zo ya durƙusa kusa da turmin, ya juya mata baya, fuskarsa na kallon ƙasa.

Gwaggo ta daɗe tana duban ƙeyarsa, inda furfura ta fara fitowa. Can ta ce, "Salihu, wannan bangon yana da ƙarfi kuwa?"

Na ce, "Gwaggo, ginin hannunki ne."

Ta ɗora tafinta a kafaɗarsa, ta yunƙura ta shiga. Ta zauna, amma hannun bai tashi nan da nan ba. Ni dai na ga haka, sai na mayar da idona kan famfo na shiga bugun iska.

Sun ƙetare yashin ba tare da turi ba. Sun sami Ɗantani da sauran numfashi, ya gane ta, suka yi kwana uku suna hira kafin Allah ya karɓi abinsa.

Motar ta daɗe da komawa hannun 'yan gwangwan, Maharazu ma ya riga mu gidan gaskiya. Har ya daina tuƙi bai taɓa yarda a ƙara wa motar mataki ba. Na sha ce masa ƙarfe ɗaya ne, mai walda zai gama kafin azahar. Sai ya ce, "Bar shi, Malam. Gwaggo tana da abin dafawa."