Koci Cikin Babbar Riga

Shekara goma sha huɗu Badaruddeen ya yi yana cin abinci da ƙafarsa ta hagu. Ya buga ƙwallo a Kano, ya buga a Fatakwal, ya ƙetara Sudan ya yi shekara uku, har sai da gwiwa ta ce masa ya isa haka. Ya dawo Abuja ya zauna a Dutse Alhaji da matarsa Murja, Alhaji Ɗangoggo mai shagon tayoyi ya damƙa masa ƙungiyarsa ya horar. To, gwiwa dai ta yi ritaya, amma ƙafar hagun nan ba wanda ya kai mata labari.

Atisayen Badaru abin kallo ne, kuma kallon kawai 'yan wasansa suke yi. Da ɗaya ya yi kuskure sai ya ce, "Kai, ba ni nan ka gani." Ya karɓi ƙwallo, ya yanke mutum uku, ya zura a raga, ya juyo yana haki ya ce, "Kun gane?" Su ce sun gane. Samari ashirin da biyu, ciki har da masu iyali, sun fi kowa a Abuja iya tafi, amma ranar wasa sai a yi musu biyu ko uku su dawo gida.

Ana cikin haka ƙungiyar ta samu gurbi a wata gasa da dokarta ta ce dole koci ya kasance mai lasisi. Badaru ya shiga kwas, ya ci rubutacciyar jarrabawa, aka zo ta fili. Mai jarrabawar kuwa Thaddeus ne, tsohon ɗan baya ɗan Jos, wanda Badaru ya taɓa zura wa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu a gaban cikakken filin wasa. Aka ba shi rabin awa ya koyar da bugun tazara. Ya buga takwas, bakwai suka shiga, shi kansa sai da ya yaba wa kansa.

Thaddeus ya rufe littafinsa ya ce, "Badaru, ƙafar nan naka yana nan yadda na san shi. Amma ka faɗi. Sau arba'in da bakwai ka taɓa bol, yaranka duka sau tara. Ni koci na zo gani, ba sitiraika ba. Ka dawo bayan sati biyu, las cans ke nan, babu wani dama bayan shi."

Badaru ya tafi gida yana cewa tsohuwar gaba ce kawai. Alhaji Ɗangoggo bai ɓoye masa komai ba. Ya ce, "Wallahi ina son ka, Koci, amma in ba lasisi dole in nemo wani." Wannan maganar ta tsaya wa Badaru a rai, don ban da ƙwallo bai iya komai ba a duniya, ko canza taya.

Ranar Asabar ɗin jarrabawa da sassafe ya nemi takalmin ƙwallonsa sama da ƙasa bai gani ba. A kan gado sai ga babbar rigarsa ta ɗaurin aure, shadda ruwan toka da ta sha sitaci har tana iya tsayuwa ita kaɗai, ga hula, ga takalmi sau-ciki mai santsi.

"Murja, ina takalmina?"

"Yana gidan ƙanwata Indo a Lugbe," in ji ta, tana zuba masa shayi hankalinta kwance. "Jiya na aika mata. In za ka je ka ɗauko, bismilla, ka san halin hanyar."

"Da wannan zan je fili? So kike a yi mini dariya?"

"Abban Hanif, dariya ba ta korar mutum daga aiki. Shekara goma ina kallon ka, ko lemo ne ya faɗo daga tire da ƙafa kake tare shi. Sa rigarka ka tafi."

Ya sa, yana ta mita. Da ya sauka daga mota a filin makarantar da ke Jiwa, 'yan wasansa suka zube ƙasa don dariya. Wani ya ce, "Oga, ina amarya?" Thaddeus ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya danna agogo.

Bugun tazara aka sake ba shi. Ya jera mutum huɗu katanga, ya sa gola a raga, ya kira Lukmanu, wani dogon makanike mai ƙarfin ƙafa kamar jaki, wanda bai taɓa sanin inda ƙwallonsa za ta sauka ba. Bugun farko ta wuce saman raga ta faɗa gonar masara. Na biyu ta bi ta farko. Na uku ta daki katanga, ta gangaro a hankali, ta zo ta tsaya daidai gaban ƙafar hagun Badaru, kamar an aiko ta.

Ƙafar ta ɗaga da kanta, wallahi ba da izininsa ba. Sai takalmin ya zame, rigar ta harɗe masa gwiwa, ya yi taga-taga, ya ga alƙalamin Thaddeus ya sauka kan takarda yana jira. Badaru ya sunkuya ya ɗauki ƙwallon da hannu biyu. Ya miƙa wa Lukmanu ya ce, "Sake."

Ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya tarar ba shi da abin faɗa. Shekara da shekaru yana wannan bugu, bai taɓa sanin yadda yake yin sa ba, ƙafar ce ta sani. Tsoro ya kama shi sosai. Da ya rasa abin yi sai ya tattare rigar ya tsuguna, ya zuba wa ƙafafun Lukmanu ido. Wata takwas suna tare, yau ne ya fara kallon yadda mutumin nan yake bugu.

Ƙwallo ta sake tafiya gona. Amma wannan karon Badaru ya gani.

"Tsaya! Ba ƙafar bugun ce matsalarka ba, ɗayar ce. Kana dasa ta can baya, dole ka gantsare, dole ƙwallo ta tashi sama. Kawo ta nan, gefen ƙwallon." Ya zana layi a ƙasa da yatsa. "Ka sunkuyar da ƙirji kamar kana leƙa injin mota."

Lukmanu ya buga, ta daki turke. Ya ƙara matso da ƙafar, ya sake bugawa. Ƙwallo ta haye katanga, ta lanƙwasa, ta shige kusurwar sama, gola ko motsi bai yi ba.

Abin da Badaru ya yi, har yau ana ba da labarinsa a Jiwa. Ya zuba da gudu yana ihu, riga na kaɗawa, hula ta yi gabas, takalmi ɗaya ya yi yamma, ya rungume Lukmanu ya ɗaga shi sama. Ya ci ƙwallo fiye da ɗari a rayuwarsa, amma bai tuna wadda ta taɓa yi masa daɗi irin wannan ba.

Da lokaci ya cika Thaddeus ya hura usur, ya zo ya miƙa masa hannu yana danne dariya. "Sau ɗaya ka taɓa bol, shi ma da hannu. Ka ci, Koci."

'Yan wasa suka kewaye shi suna tsalle. Lukmanu ya ajiye ƙwallon a inda ake bugawa, ya ja da baya ya ce, "Oga, jarrabawa ta ƙare. Buga mana ɗaya mana."

Badaru ya dubi ƙwallon, ya daɗe yana duban ta. Sannan ya tattare rigarsa ya koma gefe ya tsuguna.

"A'a," ya ce. "Kira mini na bayanka. Ina so in ga yadda shi ma yake dasa ƙafarsa."