Karkatar Digiri Uku

A duk garejin, Auta ce kaɗai ta iya gyaran rada, na'urar nan da ke bayan bambar mota, mai auna tazara tsakaninta da abin da ke gabanta. Ran Talata da hantsi sai ga kawunta ya shigo da motarsa, matarsa Inna na zaune a gefe. Tun bai kashe inji ba ya fara faɗa.

"Auta, cire mini abin nan! Ina cikin tafiyata lafiya lau, sai ya hau ƙara, motar ta taka birki da kanta, alhali ba kowa a gabana."

"Sannu da zuwa, Kawu. Bari mu ji ta bakin na'urar."

Ta tsayar da motar inda daɓe ya miƙe, ta ja tef mita biyar daga bamba, ta kafa farantin ƙarfe a daidai tsakiya, sannan ta jona kwamfuta. Rada ta ce mita biyar cif, amma wai farantin yana can gefe.

"Awon nisanta lafiya yake," in ji Auta. "Idonta ne ya karkace, digiri uku. A nan ba komai ba ne, amma a mita hamsin ya fi faɗin mota. Motar layin kusa take gani, ta ɗauka a gabanka take. An taɓa buge gaban motar nan?"

Kawu ya dafe ƙirji. "Ni? Shekara talatin da biyar ina tuƙi, ko kaza ban taɓa takawa ba!"

Auta ta durƙusa ta haska tocila. Ƙarfen da ke riƙe da radar ya lanƙwashe, fentin bambar kuma sabo fil. Ta ɗago ta dubi Kawu. Sai Inna ta yi gyaran murya.

"Malam, lokacin da ka yi tafiyar nan ta kwana huɗu, na ce bari in ɗan gwada tuƙi a tsakar gida. Ginshiƙin ƙofa ne ya ƙi matsawa. Mai fenti ya rantse ba za ka gane ba."

Kawu ya juya ya dube ta. Can sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ashe shi ya sa kike ta yabon ginshiƙin, wai magini ya yi aiki mai ƙwari!"

Auta ta sauya ƙarfen, ta riƙa juya noti a hankali tana kallon kwamfuta, har farantin ya dawo tsakiya. Suka zaga titi sau biyu, motar ba ta yi ko tari ba.

Da za su tafi, Inna ta leƙo ta taga. "Auta, ran Asabar zai fara koya mini a filin ƙwallo."

"Ni na ce?" in ji Kawu.

"Yanzu za ka ce."

Bai musa ba, sai dai ya tambayi Auta ko filin yana da katanga.