Motar da Ta Faɗa Gada Sau Biyu

A ƙauyensu, can gabas da Danja, duk wanda bai taɓa shiga silima ba ya san ta ta bakin Aƙilu. In kakar auduga ta kama ya sami na mota, sai ya tafi Funtuwa ya kalli fim, ya kwana a wurin abokinsa, washegari ya dawo da fim ɗin a baki. Da la'asar matan gidansu su baje tabarmi suna ɓarar gyaɗa, shi kuwa ya tsaya a tsakiya ya zama kowa da kowa. Shi ne akta, shi ne bos, shi ne bindiga, shi ne kukan tayar mota a kwana.

Akwai wani fim na Turawa da ya fi kowanne shiga ransu. A ƙarshensa akta ya tuƙo gingimari cike da nakiya ya fitar da ita daga gari don ya ceci mutane, ta kufce masa a kan gada, ta faɗa, wuta ta tashi har sama. Ranar da Aƙilu ya ba da wannan labari, Hansai matar yayansa Lawal ta yi hawaye sosai, Lawal kuwa ya yi ta dariya har fura ta sarƙe shi.

"Ke dai Allah ya shirye ki," in ji shi. "Baturen da bai san da zamanki ba kike wa kuka?"

Kaka ta zagayo. Lawal ya hau saman lodin auduga a wata mota da ta taso daga wajen Malumfashi za ta kamfanin gurza na Funtuwa. A wata ƙaramar gada motar ta kife, wuta ta kama, auduga kuwa ba ta jiran a kawo ruwa. Kafin labari ya iso gida mutanen ƙauyen da ke kusa sun tattara abin da ya rage sun yi masa sutura. Da Aƙilu ya je, wani dattijo ya ce gawa uku suka rufe. Wani ya ce shi dai biyu ya gani, amma Allah ne masani, don ba a iya gane kowa.

Hansai ta yi takabarta ta gama. Da ya kamata ta koma gidan iyayenta a Musawa, sai Inno, uwar su Aƙilu, ta roƙe ta ta zauna har ta yaye 'yarta Sakinatu. Ta zauna. A cikin wannan zaman ne wani abu ya sami Aƙilu wanda bai nema ba, bai kuma iya korarsa ba. Matar da a da yake tsokana yana ce mata rowar man shanu gare ta, yanzu in ta miƙo masa ƙwaryar fura sai ya rasa inda zai sa idonsa. Ya san sautin taɓaryarta a cikin taɓare goma. In ta yi tari a ɗaki, shi ne yake jin zafin a ƙirji. Ya yi istigfari, ya yi azumi, ya ƙara sa kansa a gona, son nan sai ƙara tsayi yake kamar dawar da ta sami taki.

Inno ta gani, don uwa ce. Ta yi wa Hansai maganar a hankali, cewa ga ƙanen mijinta, jininsu ɗaya da yarinyar nan, ba sai an kai ta agolanci ba. Hansai ba ta ce a'a ba. Ta dai sunkuyar da kai ta ce a bari ta yaye tukuna. Sai dai Aƙilu ya lura da abin da Inno ba ta lura ba. Duk sanda babbar mota ta rage gudu a bakin hanya, hannun Hansai yakan tsaya a kan abin da take yi, har sai motar ta wuce.

Yaye ya kusa sai labari ya zo cewa an kawo kashi na biyu na fim ɗin nan. Aƙilu ya daɗe bai leƙa silima ba, amma yaran gidan suka dame shi, har ita Hansai ta ce, tana kallon turmi, "Ka je mana. Gidan ya yi shiru da yawa."

Ya je. Bayan sallar isha'i aka kashe fitilu, haske ya faɗa a bango, sai ga gadar nan, ga motar nan tana tafe. Amma wannan karon wutar ta ninka ta da, har 'yan gaba suna kare fuska da hannu. Kuma kafin motar ta kai ƙasa sai ƙofa ta buɗe, akta ya yi tsalle ya fito, rigarsa tana ci, ya keta ta cikin harshen wuta ya faɗa ruwa. Masu kamun kifi suka tsamo shi. Ya yi jinya a wani gari da ba wanda ya san shi, ya warke, ya kama hanyar gida wurin matarsa.

Silima ta kaure da ihu da fito. Wani ya jefa hularsa sama. Aƙilu kaɗai ke zaune kamar an zuba masa ruwan randa, yana ganin hannun Hansai ya tsaya a kan taɓarya.

Da safe ya hau ɗan ɗakin da injin haska fim yake, wurin abokinsa Sikiru. Sikiru Bayarabe ne haifaffen Funtuwa, Hausa a bakinsa har ta fi ta wasu Hausawan. Yana naɗe zaren fim yana cin ƙosai.

"Ɗan ƙauye, wa ya mutu? Jiya kowa na murna kai kana zaman makoki."

"Sikiru, don Allah, yaya aka yi ya fita? A na farko ban ga ya fita ba."

"Ba ka gani ba don bai fita ba. Ni na haska na farkon nan har na haddace shi. Babu ƙofar da ta buɗe. Mutumin nan ya mutu murus, sai suka ga duniya ta so shi, suka tono shi." Ya goge hannu a wando, ya jawo zaren ya ɗaga shi saitin taga. "Zo ka ga gingimarin taku. Duba da kyau. Ina hannun ƙofa? Ina lamba? Motar wasa ce, ba ta fi wadda yara ke yi da langa-langa ba. Gadar ma a kan tebur take. Wanda ke ciki kuwa 'yartsana ce aka sa wa hula. Wutar daban suka ɗauka, tsallen daban, suka ɗora wannan kan wannan. Rufa-ido ne kawai, malam."

Aƙilu ya ƙura wa ɗan hoton ido. Motar da ta sa Hansai kuka ba ta kai farcensa girma ba.

Sikiru ya san zancen gidan. Ya daina dariya. "In don matar yayanka ce, ka faɗa mata yadda yake, ka faɗa mata yadda aka yi shi. Tana da hankali."

"Ba ka ga yadda take sauraron motoci ba," in ji Aƙilu.

Duk hanyar Danja yana saƙa yana warwarewa. In ya ce akta ya fito daga wuta ya koma gida, ai ya ƙara mata shekaru na jira ke nan, shi kuwa zuciyarsa ba ta da sauran ƙarfin jira. Kafin ya sauka daga mota ya gama ƙera wani fim ɗin da ba a taɓa haskawa a ko'ina ba.

Kwana biyu yana kakkaucewa, sannan ran nan da la'asar aka baje tabarmi. Ya tsaya a tsakiya ya fara. Ya ce akta ya mutu, an yi masa kabari a bakin kogi. Ya ce ashe yana da ƙane a wani gari, ƙanen ya zo ya ɗauki fansa. Ya yi musu faɗan saman jirgin ƙasa, ya yi musu ginin da ya rushe, ya yi ƙarar bindiga har kaji suka watse. A ƙarshe ya ce ƙanen ya ɗauki ɗan marigayin a kafaɗa, matar ta share hawaye ta bi bayansu. Bai taɓa ba da labari da daɗi irin na ranar ba. Yara suka yi ta tafi. Inno ta ce, "To, wannan Baturen ya san zumunci."

Hansai ba ta ɗago ba. Gyaɗa ɗaya take juyawa a hannu tun da ya fara.

Da aka watse, Inno ta shiga alwala, sai Hansai ta kira shi a hankali. "Aƙilu."

"Na'am, Yaya Hansai."

"Shekaranjiya ranar kasuwa Sekinat mai atamfa ta shigo. Matar abokinka Sikiru. Ta ba mu labarin fim ɗin tun daga farko har ƙarshe, ni da maƙwabciyarmu. Har motar wasan ta faɗa mana, tana dariya."



"Ba ƙane a ciki," in ji ta.

"Na ji tsoro ne," ya ce. "Na ga yadda kike in mota ta tsaya. Na ce in kika ji ya fito daga wuta…"

"Sai in ɗauka yayanka ma zai fito?" Ta ɗago ta dube shi, idonta ya cika amma bai zubo ba. "Yarinya ka ɗauke ni? Na san yayanka ya rasu, Aƙilu. Na sani tun ranar da ka dawo daga gadar nan ka kasa kallona. Kunnena ne bai daina ba, ni na daina. Na ƙagu ka zo ka ba da labarin nan, wallahi na ƙagu. Na ce ko a bakinka ne in ji wani ya dawo gida. Ko na ƙarya ne, in ji an buɗe ƙofa an ce ga shi nan. Ka iya faɗa yadda mutum zai gani. Sai ka zo ka sake binne shi a gabana, ka ɗora kanka a wurinsa, yara suna tafi."

"Ki yafe mini."

"Na yafe. Ba fushi nake ba." Ta ajiye gyaɗar a faifai. "Da na yi niyyar in ce wa Inno to. Yanzu kuwa duk abin da ka faɗa mini mai daɗi, sai na tsaya ina tunanin me ka cire."

Ya yi magana a ranar, ya yi washegari. Inno ta yi, har da kuka. Hansai ba ta ɗaga wa kowa murya ba. Ta yaye Sakinatu, ta wanke ƙwaryoyin Inno tas, ta aika Musawa cewa tana tafe.

Shi ya ɗaukar mata akwati zuwa bakin hanya. Safiya ce mai haske, gonakin auduga sun yi fari har iyakar gani. Suka tsaya a gindin wata ɗorawa, Sakinatu tana barci a bayanta. Mota ba ta zo ba.

"In ba ki labarin fim ɗin na gaskiya?" ya ce.

Ta gyara goyo ta ce, "To."

Bai ba da shi a tsaye ba, bai yi ƙarar komai ba. Ya zauna a kan akwatin yana faɗa a hankali, yadda ƙofar ta buɗe, yadda ruwa ya kashe wutar rigar, yadda masuntan suka kwantar da shi a bukka suna ba shi romo. Ya faɗi yadda ya koyi tafiya da sanda. Hansai tana kallon gonaki, hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. Ya kawo inda mutumin ya sauka a tashar garinsu, ya bi layin gidansu, ya hango hayaƙin girki yana tashi ta bayan katanga.

Sai ga mota ta rage gudu, yaron mota yana dukan ƙarfe yana kiran Malumfashi.

Hansai ta share fuska da bakin mayafi. Aƙilu ya miƙa akwatin aka ɗora sama. Ta sa ƙafa ɗaya a mota, ta juyo.

"Ka kula da Inno," ta ce. "Ba ta son tuwo mai tauri."

Motar ta ja. Ya tsaya a gindin ɗorawar da sauran labarin a bakinsa, har ya daina jin ƙarar injin.